Abin da ke cin tsofaffin soraye, daga Fanisau zuwa cikin badala

Kowace shekara idan Agusta ya kama, ruwa ya zauna, sai an ji labarin soron da ya rufta a wata unguwa cikin birni ko a wani ƙauye da ke gefen Kano. Bayanin da ake bayarwa ba ya sauyawa: ruwa ne ya yi yawa, gini kuma ya tsufa. Daga nan sai a kwashe ƙasar a zuba a kududdufi, a kira mai bulo. Wannan bayani bai gamsar ba. Bangon da ya faɗi bana ya ga damunar da ta fi ta bana ƙarfi sau da dama, bai motsa ba. In aka duba da kyau, kusan kullum za a tarar wani abu ne ya sauya a jikin ginin ko a kewayensa cikin shekaru goma ko ashirin da suka wuce, ruwan Agusta ya zo ya ƙarasa aikin kawai.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ya kamata a fahimta game da shekarun gine-ginen nan. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, kuma a zamaninsa aka kafa Gidan Makama da gidan sarautar da ake kira da sunansa. A wajen birni ma haka abin yake. Gidan sarki na Fanisau, inda Bature Kilafatan ya je ya gana da Sarki Ibrahim Dabo a 1824, nan ne a al'ada ake kai hawa a bukukuwan babbar sallah. Garuruwa irin su Bebeji, Rano da Gaya duk sun yi ganuwa, ta Bebeji ma sai da Turawa suka fasa ta a 1903 kafin su iso Kano. Amma duk wanda ya dafa bangon Gidan Makama ya ce ya taɓa yaɓen zamanin Rumfa, ya faɗi son ransa. Fatar bangon an sabunta ta ba adadi. Abin da ya daɗe shi ne tsarin ginin, da cikin bangon, da kuma al'adar komawa kansa duk rani. Ginin ƙasa da aka daina yi wa yaɓe ya fara mutuwa ke nan tun daga shekarar da aka daina.

Yadda ake tayar da shi ne ke nuna inda rauninsa yake. Ana haƙo birji, wato jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, a jiƙa, a tattake da ƙafa, a zuba yankakkiyar ciyawa, wani lokaci da kashin doki, a bar kwaɓin ya kwana biyu yana ruɓa, a sake jiƙawa a sake takawa. Ciyawar ce ke riƙe ƙasar kada ta tsattsage wajen bushewa. Daga wannan kwaɓi ake dunƙula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi kamar mako biyu. Wajen jerawa, gindin ke ƙasa tsinin na sama, ana cike tsakaninsu da laka, kuma magini ba ya ɗora layi da yawa a rana ɗaya, sai na ƙasa ya sha iska ya iya ɗaukar na sama. Bangon yana farawa da kauri a gindi yana sirancewa har rawani, wato saman bangon da ke kewaye da rufi. Nauyin ginin gaba ɗaya a kan wannan gindi yake, shi kuma ya fi kowane sashe kusa da danshi.

Rufin kuwa aikin azara ne. Ana tsaga ta daga gangar giginya, magina sun fi son ta namijin itacen saboda tauri, kuma babban amfaninta shi ne gara ba ta cinta da sauƙi. Sai dai azara ba ta iya tsallaka fiye da kimanin mita biyu da nauyin ƙasa a kanta ba tare da ta lanƙwashe ba. Duk gwanintar maginan Hausa a kan warware wannan matsala ta ginu. A ƙaramin ɗaki ana gitta gajerun azara a kusurwoyi a rage faɗin da za a rufe. A babban zaure ko fada sai a tayar da bakan gizo: azara ake fitowa da ita daga bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da laka, a jira ya bushe, har ƙafafun biyu su haɗu a tsakiya. In bakan gizo biyu ko fiye suka gitta juna, an samu ɗaurin guga. A kan wannan ake shimfiɗa azara a jere, sai zana ko asabari, sai ƙasa, sannan abin da zai hana ruwa shiga. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19 shi ne inda wannan fasaha ta kai ƙololuwa, amma a gidajen hakimai da dagatai da tsofaffin attajirai na ƙasar Kano akwai ɗaurin gugan da ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa.

To, ina ɓarnar take farawa? Mafi yawa daga ƙasa. A da, ƙasan lungu da tsakar gida sun fi gindin bango ƙasa, ruwa yana gangarawa kududdufin unguwa, wanda asalinsa ramin da aka haƙi ƙasar ginin ne. Yanzu an cike kududdufai an yi gini a kai. An zuba wa tituna da lunguna ciko, an yi kwalta ko an shimfiɗa bulon daɓe, har hanya ta fi zauren gida tudu. Ruwan da ya rasa mafita sai ya kwanta a jikin bango. Ƙasa kuma tana tsotson ruwa zuwa sama, ya hau kamu biyu ko uku, ya bushe a fatar bangon ya bar gishiri. Gishirin nan ne ke mayar da yaɓe gari. Shi ya sa za ka ga tsohon bango lafiyayye daga ƙugu zuwa sama amma gindinsa ya rarake ya yi kogo. Ƙari a kan wannan akwai abubuwan cikin gida: makewayin da aka jingina da bangon soro, shaddar da aka haƙa taku biyu daga tushe, famfo mai ɗiga, tankin ruwa da ke ambaliya duk dare, kwatar da ta toshe da leda. Ɗigon famfo na shekara guda ya fi hadari goma illa, domin shi ba ya ba bangon damar bushewa.

Sai siminti, wanda a ganina shi ya fi komai kashe tsofaffin gine-gine cikin shekaru hamsin ɗin nan, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ɓarnar. Mai gida ya gaji da yaɓen shekara-shekara, ya ce bari a yi masa filasta a huta. Shekara uku ko huɗu abin gwanin sha'awa. Amma siminti da ƙasa ba sa kama juna da gaske, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, don haka filastar tana rabuwa da bangon ta ciki tana kuma yin ƙananan tsaga. Ruwa ya shiga ta tsagar, danshin ƙasa ya hau ta gindi, duk su rasa hanyar fita, kamar dai tuwo mai zafi da aka ƙulle a leda. Tubalin ciki ya yi ta laushi ba wanda ya gani. Yaɓen ƙasa in ya lalace yana nuna kansa, mai gida ya gani ya gyara da kwando biyu na laka. Filasta kuwa ɓoye ciwon take yi har ranar da za ta ɓallo da rabin bangon. Gwajin ba shi da wuya: a ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa ko da dutse. Inda aka ji ƙarar fanko, an riga an rabu. Kuma in aka daɓe tsakar gida da lungu da siminti har jikin bango, an ƙara tura duk danshin ƙasan wajen zuwa cikin tubali, tunda nan ne kaɗai ya rage masa ya fita.

Ta sama, matsalar indararo ce da nauyi. Lissafin a fili yake. Ruwan milimita 50, wanda Kano kan samu a dare ɗaya cikin Agusta, in ya sauka a kan soro mai mita huɗu tsawo mita huɗu faɗi, lita 800 ke nan, duro huɗu cur. Duk wannan ta indararo ɗaya ko biyu zai fita. In ganyen darbejiya ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi, rufin ya zama tafki, ruwa ya nemi bakin azara inda ta shiga bango, nan kuwa ruɓa ke farawa. In indararon gajere ne, ko ya karye an bar guntu, ruwan zai bi jikin bango ya tsaga masa kwari daga rawani har ƙasa. Ya kamata bakinsa ya zarce bango da aƙalla rabin mita, a kuma ajiye dutse ko fasasshen tulu inda ruwan ke sauka don kada ya fantsama ya ci gindi.

Batun nauyi kuma kuskure ne na masu ƙoƙari. Duk shekara ana hawa a ƙara ƙasa a kan rufi don toshe yoyo, ba a kankare ta bara. Busasshiyar ƙasa mai kaurin santimita 15 a kan wancan soro ta kai tan huɗu. In ana ƙara santimita biyu duk shekara, cikin shekara goma an ɗora wa azarar fiye da tan biyar da ba a yi ta dominsa ba, kuma in ƙasar ta jiƙe nauyin ya ƙaru. Azara ta fara lotsawa a tsakiya, lotsawar ta tara ruwa, a ƙara ƙasa don a cike lotsawar. Alamar da za a duba daga ciki ita ce tsaga a ƙafar bakan gizo ko a tsakiyarsa, da garin ƙasa da ke zubowa daga tsakanin azara da safe. Duk ɗakin da aka ga haka, a fitar da mutane tukuna sannan a yi shawara.

Akwai kuma fuskar gabas. Hadarin Kano daga gabas yake tasowa da iska, don haka bangon gabas da zankwayen da ke kansa, wato tsinayen adon nan na saman bango, su ke shan duka. Tsofaffin magina sun san haka, shi ya sa sukan kashe makuba mai kyau, wato yaɓen da ke tunkuɗe ruwa, a wannan fuska ko da sauran sun samu yaɓen laka kawai.

Nan ne maganar ta koma ƙauye, domin kayan kare ginin ƙasa ba a kasuwar kayan gini ake sayensu ba. Makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samunta: a jiƙa shi ko a dafa, ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a kwaɓa ƙasa da shi, yaɓen ya yi tauri ya riƙa tunkuɗe ruwa na 'yan shekaru. Laso, wanda ake shafe rufi da rawani da shi, haɗin abu uku ne: katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, wanda ake busarwa a ƙona a daka, da gashin jima daga wajen majema, da ruwan dafara, wani tsiron daji, mai yauƙi. Ana cuɗa shi safe da yamma har wajen kwana goma kafin a shafa. A duba wannan jeri a ga sana'o'in da ke rataye da soro guda. In karofi, wato wurin rini, ya mutu, babu katsi. Karofin Ƙofar Mata na nan, amma rijiyoyin rini da yawa a garuruwan ƙasar Kano sun zama juji ko an cike su. Ɗorawar gona ana sare ta don itace da gawayi. Giginya kuwa sai ta yi shekaru masu yawa kafin gangarta ta isa azara, kuma ba wanda ke dasa ta da wannan niyya. Azarar da ake samu yanzu sau da yawa daga rusassun gidaje ake zaro ta, wadda in ba ta ruɓe ba ta fi sabuwa kyau, don haka duk inda aka rushe tsohon soro, kada a bari a kai ta murhu.

Hannun da zai yi aikin ma haka. Gini sana'ar gado ce, da sarkinta, yaro yana tashi yana miƙa tubali har ya kai ga ɗaura guga. Ɗan magini a yau ya ga mai jera bulo yana samun aiki duk wata, shi kuwa aikin uban nasa na rani ne kawai kuma ana yi masa kallon aikin talauci. Ba laifinsa ba ne in ya sauya. Masu iya yaɓe har yanzu suna da yawa a ƙauyuka, amma masu iya tayar da bakan gizo daga tushe sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma yawancinsu dattawa ne.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne gado. Babban gida na ƙasa in mai shi ya rasu, ya zama na magada ashirin ko talatin, wasu a Legas, wasu a sababbin unguwanni. Ba mai kashe kuɗinsa a kan zauren da bai san ko zai faɗo a rabonsa ba. Shekara biyar ana jiran rabon gado sun isa su kayar da soron da ya yi shekara ɗari da hamsin. A nan mai unguwa ko dagaci da limami za su iya abin da hukuma ba za ta iya ba, su sa magada su ware kuɗin yaɓe da share indararo daga cikin dukiyar tun kafin a raba.

Ta fuskar doka, abin da ke akwai bai kai ƙauye ba. Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da Gidan Makama, ganuwa da ƙofofinta kuma suna cikin abubuwan da doka ta kare. Hukumar tarihi da al'adu ta jiha tana Gidan Ɗan Hausa. A 2007 an shigar da ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita cikin jerin share fage na wuraren tarihi na duniya na UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka an ci gaba da ɗibar ƙasa daga jikin badala, ana yanka filaye da shaguna a gefenta, an kuma rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi aka mayar da ta kankare. In abin da ke da suna a takarda ya ga haka, me ake tsammani ga tsohon masallacin wani ƙauye a Dawakin Kudu ko Minjibir? Su waɗannan galibi alheri ne ke rushe su. Wani ɗan garin Allah ya buɗa masa, ya zo zai gina wa mahaifarsa masallaci na zamani, sai a tura na dā a mako guda. Ba wanda zai hana aikin lada, kuma jama'a sun ƙaru suna bukatar wuri. Amma a ƙauye fili bai yi wuyar da za a ce dole sai a kan tsohon za a yi sabon ba. Birnin ma ya yi wannan rashi, tsohon masallacin Juma'a na ƙasa ya tafi lokacin da aka gina na yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Ga wanda ke da irin wannan gini a hannunsa, aikin yana bin shekara ne. Da ɗaukewar ruwa a Oktoba ake zagayawa a duba, lokacin da tabon danshi bai gushe ba. A ɗauki hoton kowace fuska da waya, a auna ɗakuna, a rubuta. Duk tsagar da aka gani a ja layi a ƙarshenta a sa kwanan wata. In bayan wata biyu ta wuce layin, ginin na motsi, kuma cike ta da laka ba zai yi magani ba sai an gano abin da ke janye tushen. Kafin a taɓa bango a fara da ruwa: a sauke cikon da ya hau gindi, a gyara gangara ta yadda ruwa zai gudu daga ginin, a matsar da makewayi da tanki, a fasa daɓen siminti aƙalla rabin mita daga jikin bango.

Filasta a rani ake cire ta, kaɗan-kaɗan, da hannu, a bar bangon ya sha iska makonni kafin a yaɓe. Gindin da ya rarake ba a gyara shi gaba ɗaya. A tokare bangon da rufin, a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar a faɗin da bai wuce mita ɗaya ba, a cike da busasshen tubali da laka, a tsallake mita ɗaya a yi na gaba, sai waɗannan sun bushe a dawo kan waɗanda aka tsallake. Ƙasar da aka kankaro daga gindi kada a sake kwaɓa ta, gishiri ne a cikinta, a kai ta nesa. Babbar tsaga ana ɗinke ta da guntayen azara da ake binnewa a gicciye, tazarar kamu biyu tsakaninsu. Wajen yaɓe, a yayyafa wa tsohon bango ruwa tukuna don sabon ya kama, a yi shi siriri, kaurin yatsa, hawa biyu ko uku, maimakon hawa ɗaya mai kauri da zai zamo da nauyinsa. A tsakiyar hunturu iska na busar da yaɓe da gaggawa ya tsattsage, don haka a yi da sassafe ko da yamma, a kuma ƙara ciyawa a kwaɓin. Kafin a yaɓe bango duka, a gwada haɗi biyu ko uku a ɗan wuri, a bar su kwana uku: wanda ya tsage laka ta yi masa yawa, wanda ke zuba in an goga hannu yashi ya yi masa yawa. Inda akwai tsohon zane a fuskar zaure, kada a bari lebura ya shafe shi don ya daidaita bango. In ba a samu mai iya tayar da shi ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi, a kare shi daga ruwa a bar shi yadda yake. Rufi a gama shi kafin ƙarshen Afrilu, a kankare tsohuwar ƙasa kafin a sa sabuwa, a kuma hau a duba indararo bayan ruwan farko da bayan kowace babbar iska.

Saura batun kwano, wanda masu kishin tarihi ke ƙyama. Gaskiya yana ɓata kamannin soro, zankwaye da rawani su ɓace a ƙarƙashinsa. Amma ga gidan da magada ba su daidaita ba, ko masallacin ƙauyen da ba a samu magini ba tukuna, rumfar kwano ta wucin gadi ta fi barin ɗaurin guga a ruwa. Sharaɗin shi ne ta tsaya a kan ginshiƙanta daga waje, kada a kafa ta a jikin bango ko a ɗora ta a kan azara, bakinta ya zarce bango da santimita 60 ko fiye, a bar sarari tsakaninta da rufin ƙasa don iska ta ratsa, ruwan da ke zuba daga gare ta kuma a yi masa hanya ya bar gindin ginin.